Monitata Ta Mutu Sau Bakwai

Kafin wata ta ɗauki waya ta fara rubuto min wa'azi, bari in riga ku: na sani. Na san ban kyauta ba. An faɗa min a ofis, zuciyata ma ta faɗa min. Amma ku ji yadda aka yi tukuna, in ya so sai ku yanke min hukunci.

Shekaruna ashirin da bakwai. Ni ce sakatariya a wani kamfanin dillancin gidaje, hawa na biyu, teburin farko in ka shigo, kusa da injin ruwan sanyi mai gurnanin nan. Aikina buga takardun yarjejeniyar haya da ɗaga waya. A gida kuwa ni ce Auta. Yayyena mata uku duk suna ɗakunansu, ni kaɗai na rage ina zaune wa Umma a ido.

Akwai mai nemana, kar ku ce kasuwata ce ta mutu. Mai Kemis ne na bakin layinmu. Wata biyar yana zuwa, mutumin kirki, mai tsafta, ko kuskure bai taɓa ɓata min rai ba. Matsalar ɗaya ce: in ya zauna hira sai in ji kamar na zo ganin likita. Ranar farko da ya zo, kafin ya tambayi sunan makarantar da na gama, sai da ya ce in ɗan ja fatar idona ƙasa ya gani, wai kamar jinina ya yi ƙasa. Kyautarsa ta farko kwalbar maganin ƙarin jini ce. Saƙonsa na kowace safiya kuma ba ya canzawa:

"Barka da asuba. Kin karya? Rashin cin safe yana kawo olsa."

Wallahi ba ni da wani aibu da zan nuna a jikinsa. Zuciya ce dai ta ƙi, kuma ba a kai wa iyaye wannan a matsayin hujja.

A farkon wata Baba ya kira ni falo. Baba ba mai tilastawa ba ne, amma in ya cire tabarau ya ajiye a gwiwa, to magana ta zo.

"Auta, ba a ajiye ɗan mutane a tsaye. Asabar ɗin ƙarshen wata ina son amsa, ko eh ko a'a. In kuma kina da wani, ki faɗa min. Abin da ba na so shi ne shirun nan."

Na ce to. A lokacin ba ni da kowa, gaskiya ce. Kwana biyu bayan nan monitata ta mutu.

Wannan mutuwar ta farko ta Allah ce, ba hannuna a ciki, ku rubuta ku ajiye. Na zo da safe na danna, kwamfuta tana huci a ƙarƙashin tebur, allo kuwa baƙi ƙirin. Ni kuma abin da 'yan ofis ba su sani ba, Baba shekara talatin ya yi yana gyaran talabijin kafin idonsa ya gaji. Ni ce 'yar riƙe masa tocila tun ina aji uku. Kafin in iya ɗaura ɗankwali na iya gane allon da wuta ba ta kai masa da wanda hoto ne ba ya isowa. Har na sunkuya zan leƙa baya sai Manaja ya fito yana kaɗa makullansa.

"A'a, a'a, kar ki taɓa! Kayan kamfani ne. Muna da injiniyan da ke kula da su."

Na janye hannuna. Da rabon a yi abin da aka yi.

Bayan rabin awa ya shigo. Dogo, riga ruwan sararin samaniya ya naɗe hannunta zuwa gwiwar hannu, baƙar jakar goyo da zif ɗinta ɗaya ya lalace an ɗaure da guntuwar waya. Ya gaishe ni ba tare da ya kalle ni sosai ba, ya ja kujera, ya zauna gaban monitar kamar ya zo duba mara lafiya.

"Malama, ƙaramar fitilar nan ta ƙasa, tana ci da kika zo?"

"Ba ta ci."

"To ba ta samun wuta ne. Kar ki damu, ba ta mutu ba."

Muryar ce ta fara kama ni. A hankali yake magana, kamar ba ya son monitar ta ji tsoro. Ya durƙusa ya bi kebul ɗin wuta da yatsa tun daga bango har bayanta. Ashe tsintsiyar mai shara ce ta ture shi. Ya mayar, fitila ta kawo, allo ya yi haske. Maimakon ya tashi ya tafi, sai ya ciro wani ɗan ƙyalle ya goge fuskar monitar kusurwa-kusurwa, ya ɗaga ta kaɗan.

"Ta yi miki ƙasa. Wuyanki zai riƙa ciwo."

Wata biyar Mai Kemis yana min maganar lafiyata ban ji komai ba. Wannan ya faɗi kalma takwas, na ji kamar an zuba min ruwan sanyi a ƙirji.

Ya manna wata 'yar takarda mai lambar wayarsa a gefen monitar, ya rubuta wani abu a littafin da ake ajiye masa a ofishin Manaja, ya rataya jaka.

"In ta sake, a kira ni."

In ta sake. Jama'a, ku ne shaida, shi ya faɗa da bakinsa.

Kwana uku na daure. Rana ta huɗu na zo ofis da wuri, na sa doguwar rigata ruwan zuma mai ƙananan maɓallai a hannu, da mayafin da Yaya Babba ta ce yana haska ni. Na leƙa hagu, na leƙa dama, na zura hannu bayan monitar. Kebul ɗin hoto yana da ƙananan noti biyu da ake murzawa da yatsa. Na kwance su, na ɗan ja shi baya. Allo ya yi duhu, wani ɗan akwati ya fito yana yawo yana cewa babu sigina. Na zauna na gyara mayafi na tura saƙo.

"Injiniya barka da safiya. Ta sake."

"Fitila tana ci?"

"Tana ci."

"Ina zuwa."

Ya zo. Gyaran da na san bai kai minti ɗaya ba, sai da ya yi minti arba'in a kai. Ya gwada wannan, ya kashe, ya kunna, ya ciro wani kebul daga jaka ya gwada, ya mayar da na asali. A raina na ce, Allah sarki, kyakkyawa ne amma ba shi da sauri. Na haɗa masa shayi a kofina na kaina, ba na baƙi ba. Ya sha, ya yi godiya, ya tafi. Ko sunana bai tambaya ba.

Na uku, na shiga maɓallan da ke gefenta na rage hasken har ƙasa, allo ya zama kamar an rufe shi da baƙin mayafi, sai ka kanne ido za ka ga inuwar rubutu. Na huɗu, na juya mata ƙofar da take karɓar hoto zuwa wadda ba a saka komai a ciki ba, ta tsaya tana jiran baƙon da ba zai zo ba. A wannan zuwan ne na samu ci gaba: na gano yana da ƙaramin shago a bayan tashar mota, mahaifiyarsa yake riƙo, kuma ba ya shan sukari fiye da cokali ɗaya. Maganar mata kuwa, na duba yatsunsa, na duba hoton fuskar wayarsa. Hoton wata tsohuwar kwamfuta ce. Na yi hamdala.

A na biyar aka kama ni.

Ina tsaka da canja girman hoto, rubutu ya kumbura, harafi ɗaya ya kusa cika rabin allo, sai na ji numfashi a bayana. Anti Mai Fayil ce, wadda ta fi kowa daɗewa a ofishin, mai tabarau a ƙarshen hanci da jakar hannu da babu abin da ba ya cikinta.

"Auta," ta ce, don ita ma haka take kirana, "me kike yi wa baiwar Allah nan?"

"Anti, ita ce ta..."

"Ke! Ni za ki yi wa? Sati biyu ina lura. Duk ranar da kika sa turaren nan mai tsada, monita sai ta kwanta ciwo. Ranar da kika zo da tsohon silifas kuwa lafiyarta ƙalau."

Na rufe fuska da mayafi. Ta kwashe da dariya har da riƙe tebur, sannan ta sunkuyo ta rage murya.

"Yaron yana da hankali, ban hana ki ba. Amma wannan irin nasu masu shirun nan, in kika biye masa sai kin lalata duk kwamfutocin ginin nan bai buɗe baki ba. Ki faɗa masa kawai."

"Anti! Ni in fara? Allah ya kiyaye."

"To ki ci gaba. Amma ki sani Manaja yana karanta littafin can."

Na ji maganar, ta shiga ta nan ta fita ta can. Kwana tara ya rage min, littafin wani ne zai dame ni?

Na shida ma sai da na yi wa kaina tafi. Akwai wasu maɓallai da in ka haɗa su ka danna, hoto sai ya kife, sama ta koma ƙasa. Da Injiniya ya shigo ya ga hoton yarjejeniyar haya a tsaye da kanta, sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Murmushi ne, na rantse, amma ya haɗiye shi.

"Malama, wannan monitar taki tana da dabara."

"Ni ma abin yana ba ni mamaki," na ce, ina kallonsa ido cikin ido. Allah ya yafe min.

Ranar ya kai kusan awa ɗaya. Ya ba ni labarin wata tsohuwa da ta kawo masa monita a shago wai aljanu sun shiga, ashe jikanta ne ya jingina lasifika a jikinta launi ya rikice. Na yi dariya har da hawaye. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa, ya juyo, ya buɗe baki. Na ce yau dai, yau dai.

"Ki riƙa hutar da idonki bayan kowace rabin awa."

Ya fita. Na kusa jifan ƙofar da kofi.

Ranar Laraba da yamma na dawo gida na tarar da takalman Gwaggo a bakin falo. Gwaggo ƙanwar Baba ce, kuma ba ta zuwa sai da ajanda. Tana zaune ta baje a doguwar kujera, Umma tana ninke wanki a gefe, Baba yana ta fama da rimot da ɗan ƙaramin sukundireba.

"Ga 'yar gwal ta dawo," in ji Gwaggo. "Wadda ake jira ta gama zaɓe. Ke Auta, mutum da sana'arsa, da shagonsa, ga ladabi, me kuma kike nema? Mai fukafuki?"

"Gwaggo ina wuni."

"Lafiya lau, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ni a shekarunki 'ya'yana uku."

Yadda Umma take bugun rigar Baba tana ninkewa ya isa jawabi. Baba ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Asabar ɗin nan ce fa, Auta. Akwai wani ne?"

"Akwai... babu... wato Baba, ana kan gyara ne."

"Gyaran me?" in ji Gwaggo.

Na ce ina jin fitsari, na gudu ɗaki. Na faɗa kan gado da jakata da komai. Waya ta yi ƙara, na zabura na duba. Mai Kemis ne: "An fara sanyi, ki riƙa rufe ƙirji." Na kife wayar. Tausayinsa ya kama ni, tausayin kaina ma ya kama ni. Na san a'a zan ce masa, wannan na gama yankewa. Amma a'a tsirara, ba tare da wani suna a bayanta ba, ita ce za ta sa Gwaggo ta tare a gidanmu har shekara ta zagayo. Na yanke shawara: gobe Alhamis zan yi na ƙarshe, kuma ko da me za a yi sai bawan Allah nan ya yi magana.

Na bakwai aikin gwaninta ne. Na sassauta kebul ɗin hoto ta gefe guda kawai, na karkata shi kaɗan yadda wasu haƙoransa za su taɓa wasu ba za su taɓa ba. Allo ya koma ruwan hoda gaba ɗaya, yana ƙifta ido. Na tura saƙo. Na sa rigar da na ajiye don bikin ƙawata, kore mai duhu, na zauna ina jira kamar mutuniyar kirki.

Abin da ban lissafa ba shi ne, ƙarfe goma wani babban mai gidaje zai zo sa hannu, kuma takardarsa tana cikin kwamfutata. Manaja ya fito da shi har teburina yana washe baki, ya ga allo ruwan hoda yana rawa. Baƙon ya duba agogo sau biyu, ya ce zai dawo wani lokaci. Na ga jijiyar wuyan Manaja ta tashi. A daidai lokacin Injiniya ya turo ƙofa da jakarsa.

"Yawwa, gara da ka zo." Manaja ya shiga ofishinsa ya fito da littafin, ya buga shi a kan teburina. "Karanta! Sau bakwai a sati uku. Tebur ɗaya, monita ɗaya. Kai wane irin injiniya ne? Ko dai ba ka iya ba, ko kuma da gangan kake barin ciwo a ciki don a riƙa kiranka."

Ofis ya yi tsit. Har injin ruwan ya daina gurnani.

"Yau ka sa na ji kunya gaban baƙo. Akwai masu nema, kullum sai sun kawo min takardarsu. Ajiye min katin shiga, mun gode."

Na san abin da ofishinmu yake a wajensa, shi da bakinsa ya faɗa min ranar shayi na uku: mu ne manyan abokan hulɗarsa, ta dalilinmu sauran ofisoshin ginin suka san shi. In aka kore shi da sunan bai iya aiki ba, kafin la'asar labari ya gama hawa huɗu.

Na jira ya kare kansa. Na jira ya ce kebul ne, ya ce hannu ne, ya ce a binciki mai teburin. Ko kallon inda nake bai yi ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro katin.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri. Laifina ne, ban magance abin daga tushe ba."

Wallahi ji na yi kamar an mare ni. Anti Mai Fayil ta zuba min ido ta saman tabarau. Na miƙe.

"Yallaɓai, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni ce nake ɓata ta. Lafiyarta ƙalau. Shi ma aikinsa lafiya lau."

Manaja ya yi wata dariyar rainin hankali. "Ke? Ke da ko fulogi ba ki iya sakawa ba? Zauna don Allah, kar ki rufa masa asiri."

Nan fa jinin Baba ya motsa. A kore ni ban damu ba, amma a ce ban iya saka fulogi ba? Na tattare hannun rigar bikin, na zagaya bayan monitar, na daidaita kebul, na murza noti biyu. Ruwan hoda ya ɓace, fari ya dawo tas. Ban tsaya nan ba, tunda an taɓo ni. Na danna maɓallai hoto ya kife, na danna ya miƙe. Na kashe haske na dawo da shi. Na kumbura rubutu na saɓe shi. Duka bai kai minti biyu ba. Na koma gefe na tsaya ina haki.

Bakin Manaja a buɗe. "To... to don me? Me kamfani ya yi miki?"

Na kalli ƙasa, na kalli silin, na kalli injin ruwa. Kunya kamar in nutse. Sai Anti Mai Fayil ta yi gyaran murya.

"Yallaɓai, kai ma fa ka taɓa zama saurayi."

Manaja ya dube ta, ya dube ni da rigata kore da jan baki, ya dubi Injiniya da ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. A hankali abin ya sauka masa. Wani daga can baya ya fashe da dariya ya mayar da ita tari.

"La'ilaha illallahu," in ji Manaja. "A ofishina? Da monitar kamfani?"

Ya tura wa Injiniya katinsa. "Ɗauki abinka, ka yi haƙuri." Sannan ya juyo kaina yana nuna ni da makulli. "Ke kuma za ki samu takardar gargaɗi, kuma ke za ki buga ta da hannunki. Sannan tunda ashe injiniya muke da ita a zaune muna ba ta aikin ɗaga waya, daga yau duk monitar da ta yi tari a ofishin nan ke za ki duba. Shi ba za a sake kiransa ba sai in wani abu ya yi hayaƙi."

Kun ji fa. Da hannuna na rufe ƙofar da na yi sati uku ina buɗewa.

Injiniya ya rataya jaka ya yi sallama ya fita. Na tsaya kamar an dasa ni. Anti ta zungure ni da fayil a baya.

"Bi shi mana, sakarya! Aƙalla ki ba shi haƙuri."

Na same shi a matakala, tsakanin hawa na biyu da na ɗaya, yana tsaye jikin taga. Ashe bai tafi ba.

"Injiniya, don Allah ka yafe min. Na kusa jawo maka..."

"Tun zuwa na biyu na sani."

Na yi tsuru. "Ka san me?"

"Kebul in ya saki da kansa, noti ɗaya ne ke kwancewa, ɗayan yana riƙe. Naki duka biyun an kwance su, zagaye uku-uku, daidai wa daida. Mai shara ba ta yin haka." Ya gyara zaman jakarsa. "Sannan ciwon nata bi da bi yake zuwa. Wuta, kebul, haske, ƙofar hoto, girman rubutu. Yadda ake koya wa mai gyara ya bi su, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Monita ba ta lalacewa a jere kamar ta yi makaranta. Na ce wannan hannun ɗan gida ne. Wa ya koya miki?"

"Babana," na ce da 'yar ƙaramar murya. Shekara da shekaru Baba yana ce min a fara da mai sauƙi, ashe har a ɓarna ban iya tsallake layi ba.

"Ya iya koyarwa. Ko haƙori ɗaya ba ki lanƙwasa ba."

Kunyar ta juye ta zama haushi. "To tunda ka sani, me ya sa ka yi shiru? Ka bar ni ina ta wahala, kullum ina tunanin sabuwar cuta! Har za a kore ka fa!"

"Da na faɗa, ke za a kora." Ya kalli taga. "Kuma Malama, gyaran minti ɗaya nake yi a minti arba'in. Ke da kika san aikin, ba ki taɓa tambayar kanki ba?"

Jama'a. Ni da nake ce masa mara sauri a raina. Na jingina da bango.

"Kullum in na taho sai na shirya abin da zan faɗa," ya ce, "in na zo na ga kin zuba min ido sai in ɓuge da maganar hutar da ido. Na ce ba komai, ai za ta sake ɓatawa, wani zuwan na faɗa. To yau kin toshe hanyar."

"Ni na toshe? Ceton ka na yi!"

"Na gode. Amma an ce sai wani abu ya yi hayaƙi, kuma na ga alama za ki iya." A karon farko ya yi dariya sosai, har haƙoransa suka fito. "Kafin ki ƙona musu ofis, gara ki ba ni kwatancen gida. Ina son in gaida wanda ya koya miki. Asabar, ƙarfe huɗu, in babu damuwa."

Na so in ja aji, Allah ya sani na so. Na so in ce zan duba, zan yi shawara. Kafin in gama tunanin, yatsuna sun riga sun tura masa kwatance har da launin ƙofarmu.

Yinin ranar ban san yadda ya wuce ba. Na buga wa kaina takardar gargaɗi ina murmushi, har Manaja ya ce in sake bugawa don ta yi kama da katin gayyata. Anti ta ce in ban sa ta a gaba ranar biki ba za ta tona sauran asirin. A mota ina ta tsara yadda zan yi: gobe Juma'a in samu Mai Kemis a shagonsa in ba shi haƙuri cikin mutunci, da yamma in faɗa wa Baba, Asabar Injiniya ya zo fili a share. Komai bi da bi.

Ina cire takalmi a bakin ƙofarmu waya ta yi ƙara sau biyu.

Na farko Injiniya: "Na gane kwatancen. Huɗu daidai, ba na latti."

Na biyu Mai Kemis: "Na yi tafiya saro magani, sai Asabar da rana zan dawo. Babanki ya ce in zo ƙarfe huɗu in ji amsa. Zan taho da yayana. Ki sha ruwa da yawa."

Na karanta, na sake karantawa. Na kira shi, waya a kashe. Na leƙa falonmu. Kujerun baƙi guda biyu ne, suna fuskantar juna, tsakaninsu ɗan tebur ɗin da ko faranti biyu ba ya ɗauka. Baba yana zaune yana kallon labarai, hankalinsa kwance. Na ajiye jaka, na je na durƙusa a gefensa.

"Baba."

"Na'am, Auta."

"Maganar Asabar ɗin nan... baƙin naka biyu ne."

Baba ya rage sautin talabijin. Ya cire tabarau a hankali ya ajiye a gwiwa. Daga kicin na ji an saki murfin tukunya a ƙasa, sai ga Umma a bakin ƙofa da ludayi a hannu, Gwaggo tana leƙowa ta bayan kafaɗarta. Ashe ba ta tafi ba.

"Biyu me?" in ji Umma.